Aikin da malamarmu ta bamu akan zanen Karabajo a Roma

Jama'a bari in baku labarin wani aiki da aka bamu a makaranta, don naga yana da kyau masu sha'awar harkar talla da sadarwa su ji shi. Ni dai karatun sadarwa ne ya kawo ni Roma, ba tarihi ba ba zane ba, to amma a tsarinsu dole ka ɗauki kwas guda daga wajen fanninka, sai na duba jerin naga wani akan yadda masu zanen Italiya na da suke jan ra'ayin mutum ba tare da sun ce uffan ba, nace to ai wannan ɗan uwan talla ne, na shiga. Malamar wata dattijuwa ce 'yar garin, gajeriya mai saurin magana, ita kanta in tana bayani hannunta baya zama wuri ɗaya, amma wannan a Italiya ba labari bane, ko a waya suke magana sai kaga hannu na ta aiki.

Aikin shine kowa ya zaɓi zane ɗaya wanda har yau yana maƙale a inda aka yi shi dominsa, wato a cikin coci, banda wanda aka cire aka kai gidan tarihi. Kuma ta kafa sharaɗi mai tsauri, tace kar wanda ya karanta komai akansa tukuna, kar a duba intanet, kar a karanta allon da ke gefensa, kar a saurari masu zagayawa da 'yan yawon buɗe ido. Ka je ka tsaya, ka rubuta inda idonka ya fara sauka, sannan ina ya koma, sannan ina. Bayan wannan sai ka buga hoton a takarda ka ja layuka, bayan wannan ka kwaikwayi mutanen ciki da jikinka, sai can daga ƙarshe ta yarda ka buɗe littafi. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ta dalili, tace wanda aka yi wa zanen nan shekara ɗari huɗu da suka wuce yawanci bai iya karatu ba, to ku ma ku fara zama shi.

Na zaɓi zanen kiran da Yesu ya yi wa Matiyu, na Karabajo (a rubuce Caravaggio, ga mai son ya nema), wanda yake cocin San Luigi dei Francesi, tsakanin Piazza Navona da Pantheon, sabida shiga kyauta ne kuma motar da nake hawa tana bi ta kusa. Kafin in ci gaba, zan riƙa cewa Yesu da Bitrus da Matiyu kaman yadda Kiristoci ke faɗa, don labarin abun da suka zana nake bayarwa da yadda suka nufa a fahimce shi, ba maganar aƙida nake ba.

Cocin na Faransawa mazauna Roma ne. In ka shiga sai ka bi ta hagu har ƙurya, ɗan ɗakin ibada na ƙarshe, ba ma sai an nuna maka ba don nan zakaga cunkoso. Akwai shinge, baka shiga ciki, daga bakin ƙofa kake leƙe. Zane uku ne, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bangon dama, nawa kuma a bangon hagu. Wajen da duhu, akwai wani ɗan akwati da ake jefa kwandala fitila ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu, kuma abun dariya in ta mutu kowa sai yayi tsit yana jiran wani ya jefa tasa, Bature da kuɗinsa a aljihu yana kallon silin kaman bai san me ake ciki ba. Ni dai na tanadi canji na, don na san zan daɗe.

Ga abun da na rubuta a littafina. Idona ya fara sauka ne akan fuskar wani yaro mai hula da gashin tsuntsu a tsakiyar zanen, sabida nan haske yafi bugawa. Yaron yana kallon dama, sai nima na kalli dama, sai naci karo da wani hannu a miƙe yana fitowa daga cikin duhu. Hannun yana nuna hagu, sai idona ya juyo ya bi shi, ya sauka akan wani mai gemu shima yana nuni da yatsa, yatsan nasa ya tura ni gaba har ƙarshen tebur inda wani saurayi ya sunkuyar da kai yana ƙirga kuɗi. Nan na tsaya don babu inda za'a je kuma. Abun da ya ɗaure min kai shine fuskar mai hannun, wanda shine babban mutum a labarin, sai daga baya na neme ta, tana can gefe rabinta a inuwa, ga wani mutum ya tsaya ya kare yawancin jikinsa. Wato ni da na shigo da ƙafata ina ganin ni nake kallo yadda naga dama, ashe an riga an shata min hanya tun 1600, dama, hagu, ƙarshen tebur, kuma na bi ta tiryan-tiryan.

Zanen babba ne, ya haura mita 3 tsawo da faɗi, mutanen ciki kusan girman mutum. Su biyar ne a tebur, akwai kuɗi da littafi da tawada. Akwai tsoho mai tabarau ya duƙa akan sulalla, shi da saurayin nan ko ɗago kai basu yi ba. Akwai wani ya bamu baya yana zaune akan benci da takobi a ƙugu, ya karkata kaman zai tashi. Su duka sanye suke da kayan 'yan gayun Roma na zamanin mai zanen, su kuma biyun da suka shigo, Yesu da almajirinsa Bitrus, ƙafarsu ba takalmi, da mayafi irin na mutanen da. A bango akwai taga, amma hasken ba ta nan yake shigowa ba, daga sama ta dama yake zubowa a karkace yana bin hannun.

Mataki na biyu na buga hoton baƙi da fari a shagon fotokwafi, na samu rula da jan biro. Kowane ido sai ka ja layi zuwa inda yake kallo, kowane yatsa ka ja layi, hasken ma ka ja masa. Aikin kaman na 'yan firamare amma a nan ne naga hannaye uku ne suke nuni ba biyu ba, akwai na Bitrus, wannan da ya kare Yesu, nasa ƙarami ne a ƙasa yana maimaita na ubangidansa, a coci ban ma lura da shi ba. Layin haske da layin hannun Yesu kusan tare suke tafiya. Sannan ƙafar Yesu, in ka duba ƙasa, ta riga ta juya tana fuskantar hanyar fita, hannu na kira ƙafa na tafiya, wato mai kiran ba zama yazo yi ba, in zaka tashi ka tashi yanzu. Babu harafi ɗaya a zanen amma wannan gaggawar ta fito.

Mataki na uku shi yafi bani kunya kuma shi yafi amfani. Malamar ta sa muka ja tebur tsakiyar aji, duk wanda zanensa ke da mutane da yawa sai ya jera 'yan aji su tsaya yadda suke ciki. Ni na ɗauki matsayin mai kiran. Na miƙa hannu na nuna da yatsa cak irin yadda ake nuna mai laifi, sai tace a'a, sake duba takardarka. Na duba, ashe wuyan hannun a sake yake, yatsan ma bai miƙe sosai ba, ya ɗan lanƙwasa ƙasa. Da na gwada haka wallahi sai naji abun ya canza a jikina, wannan ba hannun tsawa bane, ba na ɗan sanda bane, hannun wanda ya tabbata za'a amsa masa ne don haka baya buƙatar ƙarfi. Ita kuma wata 'yar Brazil da ta zauna a matsayin mai gemu, tace Furofesa, in kaina nake nunawa ai yatsana ciki zai lanƙwaso ya taɓa ƙirji, amma na zanen a kwance yake kaman yana nuna na kusa da shi. Malamar tayi murmushi kawai tace ku riƙe wannan, zamu dawo kansa.

A tsakanin nan ne Umma ta kira ni, da nace mata daga coci nake sai da tayi shiru tukuna tace kai kuma me ya kai ka. Nace Umma aikin makaranta ne, hotuna muke nazari. Tace to Allah ya tsare, ka dai riƙe sallarka. Nace insha Allah. Kuma gaskiya ni kaina akwai abun da nake ji in naga an zana fuskar annabi, mu ba tarbiyyarmu bace, kuma ban fasa jin haka ba har aka gama kwas ɗin. Amma wannan nisa da nake da shi sai ya zamar min amfani, sabida abokan karatuna da suka taso cikin hotunan nan da sun kalla sai su ce ai wane ne da wane, labarin ya riga ya rufe musu ido, ni kuma hannu da haske da ƙafa kawai nake gani.

Sai aka buɗe mana ƙofar karatu. A nan ne na gane abun ba wai basirar mutum ɗaya bace kawai, tsari ne da cocin Katolika ta daɗe tana tunani akansa. Tun wajen shekara ta 600 Fafaroma Gregori ya rubuta wa wani bishop na Marseille da ya farfasa hotunan cocinsa, yace masa abun da rubutu yake wa mai karatu shi hoto yake wa wanda bai iya ba. Sannan a 1435 wani masani Leon Battista Alberti ya rubuta littafi akan zane, a ciki yake cewa yana son a samu mutum ɗaya cikin hoton da zai kalli mai kallo ya yafito shi da hannu ko ya nuna masa abun da ya kamata ya gani, kuma yace ɗabi'ar ɗan Adam ce yayi kuka da mai kuka yayi dariya da mai dariya, don haka motsin jiki shine hanyar shiga zuciya. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, su sun ƙara da hannu da kafaɗa da gwiwa. Liyonado da Vinci ma shawarar da ya ba masu zane itace su je su koyi motsin hannu a wajen bebaye, don su ne gwanayen magana da jiki.

Launi ma magana ne a wajensu. Shuɗin da ake yi wa mayafin Maryamu daga wani dutse ake niƙa shi da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, tsada gare shi sosai, har a takardar kwangila ake rubuta na nawa za'a sa, akwai kwangilar 1485 ta mai zane Ghirlandaio a birnin Firenze (Florence) da aka rubuta shuɗin ya zama na kusan fulorin 4, wato kuɗin zinariyar garin, kowane oza. Ɗan kasuwar wancan lokacin da ya kalla ya san kuɗin da aka zuba, ido ba mudu ba amma ya san kima, to girmamawar ta isa gare shi tun kafin liman ya buɗe baki.

Amma abun da ya shafi zanena kai tsaye shine rikicin da ya biyo bayan Martin Luther, malamin cocin nan na Jamus da ya ƙalubalanci Katolika, daga 1517. 'Yan Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga Katolika, da yawa suka ce hotunan nan bautar gumaka ne, a wasu wurare kaman ƙasar Holan a 1566 aka shiga coci-coci ana farfasawa. Sai Katolika suka yi babban taronsu a garin Trento daga 1545 zuwa 1563, a zaman ƙarshe suka ce hotuna suna nan daram, amma su zama masu koyarwa, banda batsa, banda abun da zai ruɗa jahili, kuma bishop ya sa ido. Ba wasa suke ba, a 1565 aka sa wani ya zana wa tsiraicin da Mikelanjelo ya zana a Sistina, ɗakin ibadar Fafaroma, ƙyallaye, a 1573 kuma kotun addini ta Venis ta kira mai zane Veronese tana tambayarsa me ya kawo wadanni da sojojin Jamus da kare cikin hoton jibin ƙarshe na Yesu da almajiransa, shi kuma gogan maimakon ya goge su sai ya canza wa zanen suna. A 1582 kadinal ɗin Bologna, wato babban malamin cocin garin, Gabriele Paleotti, ya fitar da littafi guda akan haka, yace aikin mai zane irin na mai wa'azi ne, ya faranta, ya koyar, ya motsa zuciya. Ni da na karanta wannan sai nace to ai abun da ake koya mana a ajin talla kenan, an dai canza kaya ne.

Shi Karabajo an haife shi 1571, an bashi kwangilar bangon nan biyu a 1599, ya gama a 1600, shekarar da Roma ta cika da masu ziyarar ibada. Kuɗin na wasiyyar wani kadinal Bafaranshe ne mai suna Matiyu da ya mutu tun 1585, shi yasa labarin Matiyu. A Linjila labarin aya ɗaya ne tal, mai karɓar haraji yana zaune a wajen aikinsa aka ce masa bi ni, ya tashi ya bi. Kuma ku tuna cocin Faransawa ne, sarkinsu Henri na 4 bai daɗe da barin Furotesta ya koma Katolika ba, a 1593, to hoton mutumin da aka kira ya bar tsohuwar hanyarsa ba ƙaramin zance bane a wannan ɗakin. Abu biyu suka fi burge ni. Na ɗaya, da aka haska zanen da na'urar asibiti mai ganin ƙashi sai aka ga Bitrus babu shi da farko, daga baya aka ɗora shi akan jikin Yesu. Katolika kuma suna ɗaukar Bitrus a matsayin Fafaroma na farko, to kunga wannan ƙaramin hannun da na kusa tsallakewa shine duk gardamar da ake da 'yan Furotesta, wato kira yana zuwa amma ta hannun coci yake bi. Na biyu, wannan sakakken hannun aro ne daga silin ɗin Sistina da Mikelanjelo ya zana tsakanin 1508 da 1512, kuma yafi kama da hannun Adamu, an dai juya shi ne, su kuma a koyarwarsu Yesu shine Adamu na biyu. Talaka zai ga kira, malamin coci zai ga wannan, hannu ɗaya kowa da abun da ya ɗauka. Mutumin fa da ya iya wannan natsuwar a zane shi kansa rigimamme ne na ƙarshe, a 1606 ya kashe mutum ya gudu daga Roma, ya mutu 1610 bai kai arba'in ba.

Da na koma cocin da wannan a kaina sai na lura da abun da takarda bata iya nuna min ba. Tunda zanen a bangon hagu yake kuma kai a bakin shinge kake, to a karkace kake ganinsa, kuma ɓangaren da yafi kusa da kai shine ƙarshen tebur, wajen masu ƙirga kuɗi. Yesu yana can ciki ta wajen bagade, wato teburin ibadarsu, ta inda ainihin tagar ɗakin take, hasken zanen da hasken gini daga waje ɗaya suke zuwa. Wato hannun nan in ka ja layinsa ya wuce mai gemu, ya wuce saurayin, ya fito daga zanen, to wajen da kake tsaye ya nufo. An ajiye ka a layin masu kuɗi ba'a tambaye ka ba. A nan ne na gane dalilin da yasa tace banda na gidan tarihi.

Daga nan sai na fara ganin dabarar ko'ina. Tafiyar 'yan mintuna daga wajen akwai cocin Sant'Agostino, da ka shiga ta hagu akwai wani na Karabajo, Maryamu tsaye a bakin ƙofar gida ba takalmi da yaro a hannu, bango ya ɓaɓɓare, wasu talakawa biyu tsoho da tsohuwa sun durƙusa. Abun da ke fuskantarka kai tsaye shine tafin ƙafar mutumin, baƙi ƙirin da datti, irin ƙafar da duk wanda ya taso a karkara ya san ta, ta wanda ya sha tafiyar ƙasa ranar kasuwa. Mai ziyarar da ya tako daga nesa ya shigo ya ga wannan, ai ba sai an ce masa kaima kana da wuri a nan ba, kuma ya ga yadda ake durƙusawa. A cocin Sant'Ignazio kuma abun ya fito fili ƙarara, Andrea Pozzo ya zana silin a shekarun 1690 kaman rufin ya buɗe sama ta bayyana, kuma akwai wani zagayayyen dutse a daɓe da aka sa don ka tsaya a kansa, in kana kai komai daidai, in ka matsa gefe sai ginshiƙan su fara karkacewa kaman zasu zubo. Ka tsaya inda muka ce ka ga daidai, ka kauce ka ga duniya ta karkace, ni dai haka na karanta shi. A kusurwoyin an zana nahiyoyi huɗu, Afirka mace ce zaune akan kada riƙe da hauren giwa, na kalle ta nace to, haka dai kuka ɗauke mu. Wannan silin ɗin gaskiya bai kama ni ba, ihu yayi yawa, na Karabajo yafi iya farauta.

Na kuma hau jirgin ƙasa mai sauri zuwa Firenze, tafiyar kaman awa ɗaya da rabi, don malamar tace wanda bai ga zanen Masacco ba bai ga mafarin abun ba. Cocin Santa Maria Novella tana kallon tasha. Zanen na wajen 1427 ne, an yi shi kaman an huda bango an gina ɗaki a ciki, kuma duk layukan ginin suna haɗuwa ne daidai tsayin idon mutumin da ke tsaye a ƙasa. Maryamu tana gefen gicciye, bata kuka, ta juyo wajenka ta ɗaga hannu tana nuna ɗanta, ainihin mutumin da Alberti yake magana kenan. A ƙasa akwai ƙwarangwal kwance da rubutu mai cewa abun da kake na taɓa zama, abun da nake zaka zama, amma ko baka iya karatu ba ƙwarangwal a daidai gwiwarka ya isa. Sai gidan sufaye na San Marco inda Fra Angelico ya zana ɗakunan kwanansu a shekarun 1440, kowane ɗan ɗaki da zanensa, kuma yawanci akwai wani waliyyinsu a gefe, wani a durƙushe, wani ya haɗa hannu, wani yana karatu, wato ana nuna wa mai ɗakin yadda zai ajiye jikinsa. Akwai ɗaya da ya tsaya min, na wulaƙanta Yesu, bai zana masu dukan ba sam, hannaye kawai ya zana suna shawagi a iska, wani riƙe da sanda, da wani kai yana tofa yawu. Ba jiki, ba fuskar da zaka ce ai wane ne mugun, sai hannu. A tsakar gidan kuma saman wata ƙofa akwai wani waliyyi da yatsa a baki, kuma na lura har 'yan yawon buɗe ido suna rage murya in sun zo wajen.

Wannan ne ya bani dabarar ƙara wani mataki da ba'a sa mu ba, na koma San Luigi na tsaya gefe ina kallon masu kallo maimakon zanen. Mutane da yawa kansu yana yin abun da nawa yayi, dama sannan hagu. Wasu kuma, musamman in su biyu ne, sai kaga ɗaya ya ɗaga hannu yana nuna wa ɗayan, kuma ba tare da ya sani ba hannunsa ya ɗauki siffar na cikin zanen, wani ma ya nuna ƙirjinsa yana ɗaga gira. Masu waya kuwa hoto ɗaya su wuce, waɗannan ko Karabajo bai da maganinsu.

Ranar gabatarwa na haska takardata mai jan layuka a bango nayi bayani, sai gardamar nan ta tashi, wai waye Matiyu a cikin biyar ɗin. Tun da daɗewa yawancin masana suna cewa mai gemu ne, yana nuna kansa yana cewa ni? Hujjarsu shine yana tsakiya, haske na fuskarsa, kuma yayi kama da Matiyun da ke sauran zane biyun na ɗakin, shima mai gemu. Wasu masanan kuma daga baya suka ce a'a, saurayin ƙarshen tebur ne, mai gemu cewa yake wannan? kuma an kama lokacin ne kafin yaron ya ɗago kai. 'Yar Brazil tana nan akan saurayi, wani ɗan Italiya yace shi tun yana yaro mai gemu aka nuna masa kuma bai ga dalilin canzawa ba. Malamar ta juyo tace kai mai zanen, me kace.

Nace Furofesa, ni a ganina mutumin da ya iya zana dattin tafin ƙafa har ka ji kaman ka taɓa, in yaso yatsan nan ya taɓa ƙirji babu abun da zai hana shi, in yaso ya nuna yaron sosai ma zai iya. Ya bar shi a tsakiya ne, kuma amfanin hakan shine tambayar bata mutuwa a tebur, tana wucewa gaba, wanda ke gaba kuma shine mai tsaye a bakin shinge. In dole sai na zaɓa to mai gemu zan ce sabida sauran zanen biyu, amma aikin yatsan ba nuna Matiyu bane kawai. Tace wannan ra'ayi ne ba hujja ba, babu takardar da Karabajo ya bari da ta faɗi haka, nace na yarda, amma layukan da kika sa na ja ga inda suka kai ni. Tace to rubuta shi haka, ka bambance abun da ka gani da abun da kake zato, shafi biyar. Ɗan Italiyan nan har muka fito yana min musu a matakala, da hannu biyu.

Aikin da ta bamu na gaba shine kowa ya ɗauko hoton allon talla guda daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, ya ja masa irin layukan nan. Na ɗauko na wani kamfanin waya, mace ce tana kallonka ido cikin ido, hannunta a buɗe yana nuna farashin.